Ƙa'idojin Hoton Fasfo da na Katin Shaida: Faɗakarwa ga Jama'ar Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, a wannan zamani da wuya mutum ya gudanar da wata muhimmiyar hulɗa da hukuma ba tare da an nemi hotonsa ba. Maniyyacin da ke shirin sauke farali, da ɗalibin da zai zauna jarrabawar shiga jami'a, da manomin da zai buɗe asusun banki domin karɓar rance, da dattijon da ke karɓar fansho, duk sai sun zauna gaban na'urar ɗaukar hoto, ko kuma sun miƙa ɗan ƙaramin hoton nan da aka fi sani da hoton fasfo.

Sai dai kuma sau da yawa mutum kan baro ƙauyensu da sassafe, ya bar aikin gona, ya biya kuɗin mota zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko babban birnin jiha, amma a mayar da shi gida saboda hoton da ya kawo bai cika ƙa'ida ba. Wani kuma akan karɓi hoton nasa, sai bayan shekaru matsalar ta bayyana a banki ko a rumfar zaɓe ko a filin jirgin sama, lokacin da na'ura ta kasa gane fuskarsa. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin waɗannan ƙa'idoji dalla-dalla, tare da dalilan da suka sa aka kafa su, domin wanda ya san dalilin doka ya fi saurin kiyaye ta.

Dalilin tsaurara ƙa'idojin hoto

A da, jami'i ne ke duban hoton da ke jikin takarda, ya ɗaga kai ya dubi mai ita, idan ya ga kama sai ya ce a wuce. Yanzu kuwa akasarin wannan aiki na'ura ce ke yin sa. Na'urar takan auna tazarar da ke tsakanin idanu biyu, da tsawon hanci, da faɗin goshi, da yanayin haɓa da kumatu, ta mayar da su lissafi, sannan ta kwatanta da fuskar wanda ke tsaye a gabanta. Idan inuwa ta rufe rabin fuska a hoton, ko an karkata kai, ko an yi dariya har idanu sun ƙanƙance, to lissafin ya ɓaci tun daga tushe.

Wannan sauyi ya zo ne a hankali. A shekarar 2007 Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta fara bayar da fasfo mai ɗauke da 'yar ƙwayar lantarki, wadda ke adana hoton mai fasfon da bayanansa. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar NIMC mai kula da shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ke bayar da lambar NIN mai alƙaluma 11. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN ga masu asusun banki. A 2019 aka fito da sabon fasfo wanda ya haɗa da mai shafi 64 da ke aiki har shekara 10. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umurnin haɗa layukan waya da lambar NIN, sannan tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da wannan lamba. A babban zaɓen 2023 kuwa, hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da na'urar BVAS wadda ke tantance mai zaɓe ta hanyar zanen yatsa ko ta fuska.

Wannan batu na ƙarshe ya fi shafar jama'armu na karkara. Manomi da maƙeri da magini da matar da ta daɗe tana daka da surfe, sau da yawa zanen yatsunsu kan goge saboda yawan aiki, haka nan na tsofaffi. Idan yatsa ya ƙi karantuwa, fuska ce ta rage. Ke nan hoton da aka ɗauka cikin gaggawa a rana guda yana iya zama shi kaɗai ne shaidar mutum na tsawon shekaru.

Game da fasfo, ƙa'idojin ba na Nijeriya kaɗai ba ne. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai hedikwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ita ce ta tsara yadda fasfo da hotonsa za su kasance, domin na'urar da ke Jidda ko Alƙahira ko Landan ta iya karanta fasfon da aka yi a nan gida. Don haka idan jami'i ya ce a gyara zama ko a ja mayafi baya kaɗan, ba tsangwama ce yake yi ba, ƙa'ida ce yake bi wadda shi ma ba shi da ikon sauya ta.

Hotuna iri biyu ne

Ya kamata jama'a su bambance tsakanin hoton da ake ɗauka nan take a ofis da kuma wanda mutum ke kawowa da kansa.

Na farko shi ne wanda jami'i ke ɗauka da na'urar hukuma yayin rajista. Haka ake yi wajen rajistar NIN da ta katin zaɓe da ta BVN da lasisin tuƙi da jarrabawar JAMB. A nan dole ne mutum ya je da kansa. Ba a aika ɗa ko ƙane, kuma miji ba ya wakiltar matarsa.

Na biyu shi ne wanda ake ɗauka a wajen mai hoto, a wanke a takarda ko a ɗora a intanet. Irinsa ake liƙawa a takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da fom ɗin makaranta, da na neman aiki, da na ƙungiyoyin manoma, da na neman biza. Bugu da ƙari, daga watan Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta buɗe tsarin da mai neman fasfo zai cika fom ya kuma ɗora hotonsa da takardunsa ta intanet kafin ya je ofis a ɗauki zanen yatsunsa. Wannan ya sa nauyin samar da hoto mai inganci ya ƙara komawa kan mai nema da mai hoton da ya ɗauke shi.

Muhimman ƙa'idoji

1. Sabunta. Hoton ya kasance an ɗauke shi cikin watanni 6 da suka wuce. Ba a karɓar hoton ƙuruciya, ko wanda aka yanko daga hoton biki ko na salla, ko wanda aka sake ɗauka daga jikin wani tsohon kati.

2. Girma. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne faɗin milimita 35 da tsawon milimita 45, wato santimita uku da rabi da santimita huɗu da rabi. Shi ne kuma ake nema wajen bizar yawancin ƙasashen Turai. Amurka kuwa tana neman hoto mai inci 2 a kowane gefe. Don haka a gaya wa mai hoto abin da za a yi da hoton tun kafin ya wanke.

3. Girman fuska. Hoton ya ɗauko kai da saman kafaɗu kawai, fuskar kuma, daga haɓa zuwa tsakar ka, ta ci kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsawon hoton. Hoton da ya nuna mutum har ƙugu bai yi ba.

4. Bango. Abin da ke bayan mutum ya kasance fari tas, ba zane, ba furanni, ba inuwa. Wasu makarantu da ofisoshi kan nemi hoto mai jan bango domin takardunsu na cikin gida, amma irin wannan ba ya aiki ga fasfo ko biza.

5. Zama. A fuskanci na'ura kai tsaye, kafaɗu a daidaice. Kada a karkata kai, kada a sunkuya, kada kuma a ɗaga haɓa.

6. Yanayin fuska. Idanu a buɗe suna duban na'ura, baki a rufe, ba dariya, ba ɗaure fuska. Mun san cewa a tarbiyyarmu sunkuyar da kai da kau da ido alamar kunya ce da ladabi, musamman ga mata da yara a gaban manya. Amma a wannan ɗan lokaci ana buƙatar a ɗago kai a dubi na'urar sosai.

7. Haske. Ya sauka daidai a ɓangarorin fuska biyu, ba tare da ƙyalli a goshi ko duhu a ƙarƙashin idanu ba.

8. Tabarau. Baƙin tabarau ba ya halatta ko kaɗan. Na ƙara gani ma ya fi kyau a cire shi, domin gilashinsa kan mayar da haske ya rufe ƙwayar ido. Amurka ta daina karɓar hoto da tabarau tun watan Nuwambar 2016, sai dai da takardar likita.

9. Gyaran hoto. Ba a yarda a ƙara wa mutum hasken fata, ko a goge masa tabo, ko a rage masa kumatu da kwamfuta ko da wayar hannu ba.

Hijabi, niƙabi, rawani da hula

Wannan shi ne fannin da aka fi samun rashin fahimta a kai, har wasu magidanta kan hana iyalinsu zuwa rajista saboda jita-jitar cewa za a tilasta musu buɗe kai. Ƙa'idar duniya ta amince da rufe kai saboda addini. Sharaɗin kawai shi ne fuska ta fito baki ɗaya, daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, da kuma gefen kumatu na dama da na hagu. Saboda haka mace za ta iya ɗaukar hoto da hijabinta ko mayafinta, muddin ta ja shi baya kaɗan yadda bai sauko kan gira ba, bai rufe haɓa ba, kuma bai jefa inuwa a fuska ba.

Shawararmu ita ce a sanya hijabi mai duhun launi, marar ado da yawa. Farin hijabi a gaban farin bango kan saje da shi, har a rasa inda kai ya ƙare. Haka ma farar riga ga maza. Manyan 'yan kunne da ɗaurin ɗankwali mai tsawo a bar su sai ranar biki.

Niƙabi kuwa dole ne a ɗage shi lokacin ɗaukar hoto, domin fuskar ce ake nema. A nan muna kira ga jami'an da ke shirya rajista a yankunansu da su tanadi ma'aikaciya mace da wuri mai labule, ta yadda mata za su yi abin da ya kawo su cikin natsuwa da mutunci.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai da limamai masu naɗa rawani, ana buƙatar a sauke amawali ƙasa da haɓa, a kuma tabbatar rawanin bai rufe goshi ba. Mai hula kuwa ya je da shirin cire ta idan jami'i ya buƙaci haka. Gemu ba matsala ba ne, kuma babu wanda za a ce ya aske gemunsa saboda hoto.

Tsagar gado, kwalli da lalle

Mai tsagar gado a fuska, kamar bille ko kalangu, ko mai wani tabo na ciwo, kada ya yarda mai hoto ya goge masa shi da sunan gyara. Waɗannan alamu suna cikin abubuwan da ke tabbatar da cewa shi ne mai takardar. Kwalli kaɗan ba ya hana komai, amma kwalliya mai nauyi da ke sauya kamannin mutum ba ta dace da ranar ɗaukar hoto ba. A lokacin hunturu, masu shafa mai da yawa su goge fuska kafin su zauna, saboda maiƙo yana sa goshi da hanci ƙyalli.

Ko da yake lalle bai shafi hoton fuska ba, yana da kyau mu ambace shi, tunda a zama ɗaya ake ɗaukar hoto da zanen yatsu. Lallen da ya rufe kan yatsu yana iya hana na'ura karanta zanen. Matan da ke da niyyar yin rajista ko tafiya aikin hajji su dakata da ƙunshi har sai an kammala.

Jarirai, yara da masu lalura

Jariri ma yana buƙatar nasa fasfon idan za a fita da shi ƙasar waje, ba a haɗa shi a na mahaifiyarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa farin ƙyalle, a kwantar da shi rigingine, a ɗauki hoton daga sama. Kada hannun uwa ko abin wasa ya fito a ciki. Akan yi wa jarirai sassauci game da buɗe ido da yanayin fuska. Da yake kamannin yaro na sauyawa da sauri, wanda aka yi wa rajistar NIN yana ƙarami ana buƙatar ya koma a sabunta bayanansa idan ya kai shekara 16.

Makafi da masu ciwon ido da waɗanda wata lalura ta hana su daidaita wuya ko fuska suna da cikakken haƙƙin mallakar katin shaida kamar kowa. Ya dace su tafi da takardar asibiti idan suna da ita, jami'ai kuma su ba su kulawa ta musamman, kada a bar su a dogon layi.

Jan hankali ga masu sana'ar hoto

A ƙauyuka da dama yanzu da wayar hannu ake ɗaukar hoton, sannan a kai gari a wanke. Hakan ba laifi ba ne idan an kiyaye wasu abubuwa. Kada mutum ya ɗauki kansa da kansa, domin kusancin waya da fuska kan ƙara girman hanci ya rage na kunnuwa. Wani ne zai ɗauka, daga nisan kamar taku biyu, wayar tana daidai da idon wanda ake ɗauka. A kashe duk wani tsarin ƙawata fuska da ke cikin wayar, a kuma goge gilashin kyamarar.

Kada a ɗauki hoto da tsakar rana a fili, saboda rana tana bisa kai, idanu sai su faɗa cikin duhu. Kada kuma a ɗauka a gindin bishiya, domin hasken da ke ratsowa ta ganye kan yi wa fuska dabbare-dabbare. Wuri mafi dacewa shi ne inuwar gini ko bakin zaure da hantsi, mutum yana fuskantar inda haske ke shigowa. A rataya farin ƙyalle marar tamoji, a kuma sa mutum ya matso gaba kaɗan daga jikinsa don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Masu hoto su lura cewa farin bango yakan rinjayi kyamara ta rage haske, sai fuskar mai duhun fata ta fito baƙi ƙirin ba a ganin komai. Maganin wannan shi ne a ƙara haske a kan fuskar lokacin ɗauka, ba a sauya launin mutum daga baya ba.

Bayan an wanke, a ajiye hotuna cikin ambulan. Kada a naɗe su, kada a sa su a aljihu gumi ya taɓa su.

Ga maniyyata aikin hajji da umra

Tun daga aikin hajjin 2009 hukumomin Saudiyya suka wajabta wa alhazai amfani da fasfo na ƙasa da ƙasa maimakon takardar tafiya ta musamman da aka saba yi domin hajji kaɗai. Yanzu kuma ba a yin fasfo sai da lambar NIN, kuma dole ne suna da ranar haihuwa su zo daidai a wuraren biyu. Don haka maniyyaci ya fara da duba takardarsa ta NIN tun kafin ya biya kuɗin fasfo. Mai tsohon fasfo ya tabbatar akwai sauran aƙalla watanni 6 kafin wa'adinsa ya ƙare. Game da adadin hotunan da za a kawo da girmansu, a bi sanarwar Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ta wannan shekarar, ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukuma. Wanda ya bari sai an fara jigila sannan ya gano kuskure a takardunsa, yana iya rasa kujerar da ya shafe shekaru yana tara kuɗinta.

Nauyin da ke kan jami'ai da shugabannin al'umma

Muna tunatar da shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da sakatarori da masu riƙe da sarautun gargajiya cewa sa hannunsu a kan takarda mai hoto shaida ce, kuma amana ce. Kada a sa hannu a kan hoton wanda ba a gani ido da ido ba. Wajen buga hatimi, a sa shi a kusurwar ƙasa ta yadda rabinsa zai hau hoton rabi kuma takardar, ba a kan fuska ba. Haka nan kada a huda fuskar da ƙarfen maƙale takardu.

Idan ma'aikatan rajista za su zo gari, a sanar da jama'a tun da wuri ta bakin masu unguwanni da masu shela, da kuma a masallatai da majami'u da ranakun kasuwa, tare da gaya musu irin suturar da ta dace. A tanadi ɗaki mai haske, da kujera, da farin ƙyalle, da hanyar samun wutar lantarki. Shi kuma wanda aka ɗauka yana iya roƙon a nuna masa hoton da yadda aka rubuta sunansa kafin a aika, domin gyara a wannan lokaci ba ya cin komai, amma bayan an aika yana cin kuɗi da lokaci. A sani cewa rajistar NIN ta farko kyauta ce, haka ma ta katin zaɓe.

Gargaɗi

Hoton mutum da lambarsa ta NIN dukiya ce. Akwai 'yan damfara da ke zagaya ƙauyuka suna tattara hotuna da lambobin jama'a da sunan za a ba su tallafi, alhali kuwa suna amfani da su ne wajen buɗe asusun banki ko rajistar layin waya da za a aikata laifi da su. Ranar da asiri ya tonu, mai hoton za a nema. Duk wanda ya zo da irin wannan buƙata, a tambaye shi takardar izini, a kuma tuntuɓi mai gari ko sakatariyar ƙaramar hukuma kafin a ba shi komai. Amfani da hoton wani ko yin rajista sau biyu da sunaye daban-daban laifi ne da doka ke hukuntawa.

Kammalawa

Muna fatan waɗanda suka karanta wannan bayani za su isar da shi ga 'yan uwa da maƙwabta da ba su samu damar karantawa ba. Kafin a kama hanyar zuwa ofis, a duba hoton da kyau: sabo ne, bangonsa fari ne, fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi, idanu a buɗe, ba inuwa, ba gyara. Wanda ya kiyaye waɗannan ya hutar da kansa kai-komo da asarar kuɗin mota, ya kuma sauƙaƙa wa jami'ai aikinsu. Allah ya ba mu ikon kiyayewa, ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.